Ɗaukar hoto da babbar kamarar fim idan ka je hutu Ngaundere

Babbar kamarar nan mai zuga-zugi, wadda ake kafa wa ƙafa uku mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin mayafi, tana nan da ranta. Har gobe ana ƙera sababbi: Intrepid a Ingila, Chamonix da Shen Hao a Sin, Linhof a Jamus, ga kuma tsofaffin Graflex na Amurka da ke yawo a hannun 'yan gwanjo. Dattawanmu sun san ta, domin da irinta aka yi wa da yawa daga cikinsu hoton katin shaida. Seydou Keïta ma, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da fim mai faɗin santimita 13 da 18 ya yi hotunan da suka fitar da sunansa duniya.

Wadda ta fi dacewa da matafiyi ita ce mai cin fim na inci 4 da 5. Falle ɗaya na wannan fim ya ninka na ƙaramar kamara mai milimita 35 fiye da sau 13, shi ya sa za ka iya ƙirga zaren ciyawar jinka a jikin hoton. Amma kowane falle hoto ɗaya ne, kuma a yini da ƙyar za ka yi huɗu zuwa shida masu kyau. Saboda haka yawancin aikin ana gama shi ne tun ba a buɗe jaka ba: zaɓen wuri, neman izini, da yaƙi da ƙura. Latsa shota, wato abin da ke buɗe wa haske hanya ya sake rufewa, shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ka yi.

Na zaɓi Ngaundere, da ke ƙasar Kamaru, don dalili biyu. Tsohon gari ne: ƙasar ƙabilar Mbum ce tun asali, Fulani ƙarƙashin Arɗo Njobdi suka kafa lamiɗancinsu a nan wajejen 1830, Jamusawa suka ci garin a 1901, kuma fadar Lamiɗo na nan tana aiki. Na biyu, garin yana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, don haka zafin da ke dafa fim a Garwa da Marwa cikin Maris da Afrilu bai kai haka ba a nan.

Lokacin zuwa da kayan da za ka ɗauka

Damina a Ngaundere doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba. Ni dai a ganina Nuwamba ya fi: ruwa ya ɗauke, sama ta wanku, ganye bai bushe ba tukuna. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, hazo yana mayar da sama fara fat a jikin fim, ƙura kuma tana shiga ko'ina. Ana iya aiki a lokacin, sai dai ka rage yawan sama a cikin hotonka, ka mai da hankali kan bango da ƙofa da mutane.

Kada ka kwaso kaya kamar mai ƙaura. Kamara mai naɗewa, lensi biyu sun isa: mai milimita 150, wanda ke gani kusan yadda ido ke gani, da mai 90 don lungu da cikin zaure. Gidan fim guda shida, kowane yana cin falle biyu, ka ga goma sha biyu ke nan. Sai ƙafa uku mai ƙarfi, baƙin mayafi wanda bayansa fari ne don kada rana ta gasa ka, gilashin ƙara girma na duba fokas, ma'aunin haske, igiyar latsa shota (ka riƙe biyu, tana da saurin ɓata), filta ruwan ɗorawa da ruwan lemo, robar hura iska, burushi mai laushi, baƙar jakar canza fim, ledoji masu zif, lema, da littafi da biro.

Fim kuwa ka zo da abinka, kada ka sa ran samu a kasuwar garin. Don tafiyar farko ka tsaya kan baƙi da fari, iri ɗaya tak. Ilford FP4 Plus mai ISO 125 (lambar saurin kama haske) yana da haƙuri, HP5 Plus mai 400 ya fi idan hoton mutane ne a inuwa, Fomapan 100 na ƙasar Cek shi ne mai araha, amma yana da wani hali da zan zo kansa. Ka haɗa da kwalayen fim biyu ko uku waɗanda babu komai a ciki, irin masu marfi uku, domin a cikinsu za ka riƙa juye wanda ka riga ka ɗauka.

Idan ta jirgin sama za ka zo, fim ba ya shiga akwatin da ake turawa ƙasan jirgi, na'urar da ke haska shi tana ƙona fim. Ka riƙe shi a hannu, ka roƙi a duba da hannu, musamman inda aka sa sababbin na'urorin CT, waɗanda wucewa ɗaya ke iya lalata shi. Ka bayyana musu tun da wuri cewa ba a buɗe kwalin a haske. Jirgin ƙasa na dare daga Yawunde, wanda layinsa ya iso Ngaundere a 1974, ya fi sauƙi ta wannan fannin. Mai zuwa a mota daga Garwa kuma kada ya yarda a ɗaure jakarsa a saman bas, ya rungume ta a cinya.

Ranar farko kamara ta kwana a masauki

Ka yanka tagar inci 4 da 5 a jikin kwali, ka ɗaura masa zare, ka yi ƙulli a santimita 9 da kuma 15. Idan ka kafa ƙullin a kuncinka ka miƙe zaren, ka rufe ido ɗaya, abin da ka gani ta tagar shi lensin 90 ko na 150 zai gani. Da wannan kwalin kaɗai za ka zaga garin: ƙofar fada, babban masallacin da ke kusa da ita, tsofaffin unguwannin da ke kewaye, babbar kasuwa da ƙarama, sannan dutsen nan mai ƙaton dunƙulen dutse a kansa wanda ake hangowa daga cikin gari. Duk inda ya yi maka, ka rubuta wurin tsayawa, lensi, da lokacin da rana za ta bugi bangon ta gefe.

Maganar rana tana son lura. Garin yana kusa da digiri 7 arewa da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen ƙarfe shida ta haye sama da sauri. Hasken da ke fito da zanen bangon ƙasa da kaurin jinka na farkon safiya ne zuwa wajen takwas da rabi, sai kuma bayan la'asar. Daga Nuwamba zuwa Janairu rana tana karkata kudu, don haka bangon da ke kallon arewa zai wuni a inuwa. Irinsa ka ajiye shi don tsakar rana, lokacin da sauran wurare suka yi tsananin haske.

A ranar ce kuma za ka nemi izini. Fada gidan mutum ce kuma wurin shari'a da mulki, ba a faɗa mata da ƙafa uku a kafaɗa. Ka yi sallama ga dogaran ƙofa, ka ce baƙo ne kai, kana son a haɗa ka da wanda ke kula da baƙi. Fulatanci ne harshen gari, amma Hausa za ta kai ka nesa, Faransanci ya cike sauran. Ka faɗi gaskiyar abin da kamarar ke bukata: "Ranka ya daɗe, hoto ɗaya yakan ci mini kusan minti ashirin, kuma sai na kafa ƙafa uku." Wanda ya zaci latsawa ɗaya za ka yi ka wuce, ransa zai ɓaci idan ya ga ka shimfiɗa kaya. Ka tambayi inda aka yarda da inda ba a yarda ba, ka cire takalmi inda aka cire, abin da aka ce a bayar na shiga ka bayar, ka kuma yi wa wanda ya zaga da kai alheri. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, filin jirgi, tashar jirgin ƙasa da gadoji, ko kallonsu kada kamararka ta yi. Mutumin da ya lulluɓe kai da baƙin ƙyalle yana auna gini ba ya ɓoyuwa.

Loda fim da dare

Nan ne ƙura ke cin mutane. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta kwanta a kan fim kafin a ɗauka tana hana haske isa wurin, sai ta fito baƙin ɗigo a hoton da aka buga, kuma gyaransa ya fi na farin ɗigo wuya. Ka kashe fanka, ka goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ka bari ya bushe. Ka zare marfin kowane gida, ka hure ciki da roba, ka share da burushi, har ramin da marfin ke bi. Ka juye baƙar jakar ka kakkaɓe ta. Ka wanke hannu ka tsane shi sosai, domin gumi yana barin shatin yatsa. Ka cire agogo mai haske.

A cikin jaka da taɓawa za ka gane fuskar fim. Kowane falle yana da 'yan tsage-tsage a kusurwa ɗaya. Idan ka riƙe shi a tsaye, tsagar tana sama ta hannun dama, to fuskar da ke ɗaukar hoto tana kallonka, kuma ita za ta kalli marfi. Ka zura shi ƙarƙashin 'yan dogayen ramukan gefe biyu, ka ɗan ɗaga bakinsa da farce: idan ya taso gaba ɗaya, bai shiga ba. Kan marfin yana da gefe fari da gefe baƙi. Fari a waje yana nufin ba a ɗauka ba, baƙi yana nufin an ɗauka. Ka lambata fuskokin gidajen daga 1 zuwa 12, kowane gida ka sa shi cikin ledarsa. Wanda bai taɓa yi ba ya sadaukar da falle ɗaya, ya yi ta gwadawa a haske har hannunsa ya haddace.

Idan kwalin fim ya kwana a firiji, ka bar shi a rufe awa biyu ko fiye kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kansa.

A gaban gini

Da babur ake yawo a garin. Jakar ta kasance a bayanka, kada a ɗaure ta a kariya, girgiza tana kwance ƙusoshin kamara. Ka tafi da saurayi ɗaya ɗan unguwa, ka biya shi. Aikinsa ya tsare ƙafafun kamara daga yara da awaki, domin da zarar ka shiga mayafi ba ka ganin komai na bayanka.

Ka kafa ƙafa uku, ka danna su cikin ƙasa. Ka ɗora kamara, ka daidaita ta da ma'aunin ruwa gaba da gefe, har bayanta ya tsaya cak. Duk wani juyi na gaba da baya ka mayar da shi sifili. Ka buɗe lensi da ɗan maɓallin dubawa, ka buɗe ƙofar haske (ramin cikin lensi da ake tsukewa ko buɗewa) iyakarta, ka shiga mayafi. Hoton zai bayyana a gilashin bayan kamara kai a ƙasa, dama a hagu. Kada ka yi faɗa da wannan, yana ma taimaka maka ka ga tsari maimakon ka shagala da abin da ke ciki. Ka bi kusurwa huɗu da ido, nan ne wayar lantarki da baƙar leda ke laɓewa.

Ga dalilin da ya sa ake wahalar ɗauko wannan kamara don gine-gine. Idan hasumiyar masallaci ba ta shiga ba, mai waya sai ya ɗaga ta sama, ginin ya fito yana tsukewa kamar zai faɗi da baya. Kai ba za ka karkata kamara ba. Bayanta yana nan a tsaye, sai ka zame allon lensi sama, hasumiya ta shigo, bango ya tsaya a miƙe. Iyakar zamewar ita ce faɗin da'irar hasken da lensin ke jefawa. Fim ɗin yana bukatar kimanin milimita 155 daga kusurwa zuwa kusurwa, yawancin lensin 150 na zamani kuma suna ba da sama da 200 idan aka tsuke ƙofar haske zuwa lambar f/22, ka ga akwai sarari amma ba mai yawa ba. Ka leƙa ta yankakkun kusurwoyin gilashi: in ba ka hango ramin lensi sosai ba, wannan kusurwar za ta yi duhu.

Sunkuyar da lensi gaba wani abu ne daban. Amfaninsa shi ne shimfiɗaɗɗen abu, kamar filin ƙofar fada ko tabarmar mai sayar da ƙore, ya fito tar daga gabanka har nesa. Ƙa'idar tana ɗauke da sunan Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya da ya yi mata rajista a 1904: shimfiɗar fim, ta lensi, da ta abin da ake ɗauka, idan aka miƙa su, su haɗu a layi ɗaya. A aikace ka saita fokas a nesa, ka sunkuyar kaɗan har na kusa ya fito, ka sake saita nesa, ka maimaita. Digiri biyu zuwa biyar ya kan isa. Amma idan akwai dogon gini ko bishiya a kusa, ka bar sunkuyarwa, za ta ɓata samansu. Ka tsuke ƙofar haske kawai.

Yanzu awon haske. Sitof ɗaya shi ne ninka haske ko raba shi biyu. Ka auna inuwa mafi duhu da kake son a ga abin da ke cikinta, misali ƙarƙashin jinkar da ta sauko kusa da ƙasa, sannan ka rage sitof biyu daga abin da ma'auni ya ce. Ka auna wuri mafi haske, farar rigar dattijo ko bangon da rana ta buga. Idan tazararsu ta wuce sitof biyar, ka rubuta cewa wannan fallen za a rage masa lokacin wanki. Don ka tabbata ma'auninka bai yi ƙarya ba: a rana tsaka, FP4 yana son gudun shota 1/125 na daƙiƙa a f/16, wato 1/60 a f/22, in ka sa filta ruwan ɗorawa ya koma 1/30. Ta ruwan lemo tana cin kusan sitof biyu.

Daga nan kada ka yi hira da kowa. Ka ƙulle duk maɗauran kamara. Ka rufe lensi. Wannan ne matakin da aka fi mantawa, kuma wanda ya zare marfi lensi a buɗe ya ƙona fallen nan take. Ka sa ƙofar haske, yawanci f/22 ko f/32, ka sa gudun shota, ka ɗana, ka latsa sau ɗaya a banza ka ji ƙararta, ka sake ɗanawa. Ka zura gidan fim a hankali har ya zauna. Ka yafa mayafi a kan bayan kamara don rana, ka zare marfin da ke ɓangaren lensi. Ka jira iska ta lafa, domin zuga-zugi yana kama iska, ciyawar jinka ma tana motsi. Yaronka ya tare da lema ba tare da ta taɓa kamara ba. Ka latsa. Ka mayar da marfi baƙi a waje, ka ja ƙugiyarsa, ka rubuta lamba, wuri, lensi, awo. Hoton da ka yi doguwar tafiya dominsa ka ɗauke shi sau biyu, a fuskoki biyu na gidan fim ɗaya, in wankin farko bai yi ba ka gyara a na biyu.

Cikin zaure da hoton kusa

Zaurukan fada, da ginshiƙansu na ƙasa masu zane da launi, suna da duhu, kuma fim yana rage kuzari idan buɗewa ta wuce daƙiƙa ɗaya. Ilford sun ba da lissafi: a FP4, abin da ma'auni ya ce daƙiƙa 8 ka ba shi 14, 30 kuma ya koma kusan 73. A HP5, 8 ya zama 15. Halin Fomapan 100 da na ambata shi ne nan, daƙiƙa 10 tana komawa wajen 80. Ka rubuta wannan jadawali ka manna a murfin littafinka. Ka kauce wa sanya buɗaɗɗiyar ƙofa mai rana a cikin hoton, ta fi ƙarfin fim.

Idan ka matso kusa, kamar zanen jikin ginshiƙi ko adon sirdi, zuga-zugi zai miƙe, haske ya ragu a hanya. Ka auna daga lensi zuwa gilashi. Da lensin 150, in ya kai santimita 21 ka ƙara sitof ɗaya, in ya kai 30 ka ƙara biyu.

Mutane

Fitowar Lamiɗo zuwa masallaci ranar Juma'a, da fadawa da masu algaita da kakaki, abin kallo ce, amma ba ta wannan kamara ba ce. Ka kalla da idonka, ko ka ɗauka da waya in an yarda. Abin da kamararka ta iya shi ne mutum ɗaya da ya yarda ya zauna: maɗinkin hula, mai gyaran sirdi, dogari a bakin ƙofa. Ka gaisa tukuna, ka tambaya, wanda ya ce a'a ka yi godiya. Mata kuwa sai da yardarsu da ta mutanen gidan.

Matsalar ita ce da ka zura gidan fim ba ka ƙara ganin fokas. Ka zaunar da shi inda zai jingina, a inuwa mai haske, ka saita a kan idonsa, ka ce, "Baba, don Allah kada a matsa gaba ko baya, ƙiftawa ba laifi." Ka yi amfani da HP5, kada ka sauka ƙasa da 1/30 in da hali. Kafin nan ka bar shi ya leƙa cikin mayafi ya ga abokinsa kai a ƙasa. Dariyar da za a yi tana sassauta fuska fiye da duk wani lallashi. Ka karɓi hanyar da za ka aiko masa da hotonsa, kuma ka aiko.

Juyewa da wanki

Kowane dare ka juye abin da ka ɗauka cikin kwalayen nan: ɗaya na wanki daidai, ɗaya na ragi. Ka jera su bi da bi yadda lambobin littafinka suke, ka naɗe kwalin da salatif, ka rubuta "an ɗauka" da manyan baƙaƙe.

Ban ba da shawarar wanke duka a masauki ba, amma falle biyu a daren ranar da ka fara ɗauka suna da amfani, domin su za su tona maka zuga-zugi mai huda ko shota mai nawa tun da sauran kwanaki. Ƙaramin tanki irin SP-445 yana cin falle huɗu da maganin da bai kai rabin lita ba. FP4 a cikin maganin wanki ID-11 da aka sirka da ruwa ɗaya da ɗaya yana son minti 11 a digiri 20. In ruwan ya kai 24, wajen minti 8. Kada lokacin ya gaza minti 5, wankin ba zai yi daidai ba. A Ngaundere ruwan da ya kwana a randa da asubar hunturu ba ya nisa da abin da ake so, amma ka sa ma'aunin zafi ka gani. A Garwa sai da ƙanƙara. Maganin wanki, ruwan tsayarwa, fiksa (maganin da ke zaunar da hoto a jikin fim) da ruwan ɗauraya duk zafinsu ya yi kusa da juna. Na kwalin ragi ka cire musu kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na lokacin. Ka tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, ka watsa ruwa a ƙasan banɗaki don ƙura ta kwanta, ka rataye fim ta kusurwa, ka rufe ƙofa har ya bushe. Fiksar da ta gama aiki tana ɗauke da azurfa, ka zuba ta a gora ka tafi da ita, kada ta bi kwata zuwa inda dabbobi ke sha.

A hanyar komawa, fim ɗin da aka ɗauka ba a wanke ba yana tsoron zafi da na'urar filin jirgi daidai da sabo. Ka sa kwalayen a tsakiyar tufafi cikin jakar hannu, nesa da tagar mota, littafin kuma a aljihunka, domin in ya ɓata ba za ka san wane falle ne ke son ragi ba.